Amanar Ƙwaron Dutse

Rijiyar Lemo, Fagge, Kano
9 ga Satumba

Zuwa ga taubashiyata Jemima,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya a can Maroko. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau. Uwargida Ummakulsum ta yi zazzaɓi makon jiya amma ta warware, har ta koma kan keken ɗinkinta. Kin san in na ɗauki waya bakina sarƙewa yake yi, shi ya sa na rubuta a takarda na ɗauka a hoto na turo miki.

Saƙonki ya iso ranar Alhamis da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin. Na san lokacin ne don na sa shi a littafin da nake rubuta abin da ya faru kullum, wanda kike yi mini dariya a kansa tun muna yara. Abokiyar aikinki ta same ni a rumfata a Kasuwar Sabon Gari ina gyaran wani agogon bango. Na buɗe kwalin, na ɗaga auduga, sai ga dutse kamar faɗin tafin hannu, a kansa wani baƙin ƙwaro ya baje ƙayoyi kamar yanzu zai motsa. Sai da na ja kujera baya.

Ifeanyi, maƙwabcina mai sayar da caja da batir, ya leƙo ya ce, "Malam Isyaku, wannan ba kyankyaso ba ne?" Na ce daga Maroko aka aiko shi. Ya ce, "Duk kyankyason Sabon Gari bai ishe ku ba, sai kun yo oda daga waje?" A gida kuma Ummakulsum ta ce kunama ce aka yi wa asiri, ba za ta kwana ɗaki ɗaya da ita ba. Don haka a rumfa yake zaune, cikin durowar da nake kullewa.

Na sa gilashin idona na gyaran agogo na dube shi. Ga abin da na gani, ki gyara mini inda na yi kuskure. Jikinsa ya kasu uku a tsaye. Fatarsa duk ƙuraje ce, manya da ƙanana, kamar bayan kwaɗo. Gaɓoɓin tsakiya na ƙirga sau uku, sau biyu na samu goma, sau ɗaya sha ɗaya, amma na fi zargin idona. Wutsiyar ta kusa kai girman kan, kowane gefe da haƙarƙari uku masu ƙarewa da ƙaya. Rabon da wani abu ya sa in manta da abincin rana har na manta.

Sai dai takardar da kika sa a ƙasan kwalin ta sanyaya mini jiki. Kin ce in kai wa mahaifiyarki Goggo Martina ranar 17 ga Nuwamba, ranar da za ta cika saba'in, da hannuna. Jemima, shekara tara rabona da gidan. Bayan rasuwar mijinta Baba Albert ta ba ni agogonsa na hannu in gyara. Na buɗe, siririn zaren ƙarfen nan mai kamar gashi ya murɗe a bakin matsefata, kuma ban samu irinsa ba. Na ce mata mako mai zuwa. Makon ne har yau bai zo ba. Daga rumfata zuwa gidanta tafiyar minti goma sha biyar ce, amma zagaye nake yi. Da Sallah Ummakulsum ke kai mata nama, da Kirsimeti ta aiko mana shinkafa, ni kuwa ina ɓuya a bayan mata.

Babu wani da za ki aika?

Naki,
Isyaku

Alnif, Maroko
14 ga Satumba

Yaya Isyaku,

Sannu da aiki. Na gode wa Allah da Anti Ummakulsum ta samu sauƙi, ka gaishe ta. Ni lafiyata ƙalau, sai dai shayin mutanen nan zai ƙarar mini da haƙora, sukari kamar na rabon gado.

Babu wanda zan aika sai kai. Ku 'ya'yan maza kuna cewa mu 'ya'yan mata bayinku ne, to yau baiwa ce ke aiken ubangida, kuma sai ka je.

Ka gaya wa Ifeanyi ya iya bakinsa, wannan ya girmi kakan kakan kyankyaso. Sunansa tirilobayit. A teku ya rayu, lokacin da wannan hamadar da nake ciki take ƙarƙashin ruwa, kusan shekara miliyan ɗari uku da casa'in da suka wuce. Ya mutu, laka ta rufe shi, lakar ta zama dutse. Suna da dangi da yawa, naka daga dangin da ake kira likid yake. Duk abin da ka lissafa su ne alamominsu: ƙurajen nan, da babbar wutsiya mai haƙarƙari uku-uku. Ka ƙara duba goshinsa, za ka ga ya kumburo, da layi biyu masu zurfi sun taho baya. Gaɓoɓin kuma goma ne, idonka lafiya lau. Ɗalibaina na jami'a sai na yi mako ina nuna musu abin da ka gani a wuni ɗaya.

Ba kasafai ake samunsu ba. Shekara uku ina aiki a nan, irin na gama-gari na ga ɗaruruwa, likid kuwa huɗu kacal na taɓa riƙewa. Wannan tare muka samo shi da Malam Lahsan, wani dattijo da ya yi shekara arba'in yana haƙa a tsaunukan nan, shi ya zauna ya fito da ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya. Takardar izinin fitar da shi tana cikin kwalin, ka adana.

Ka san Mama ta yi shekara talatin tana koyar da ilimin halittu a sakandare, tana zana wannan ƙwaro a allo da alli, ba ta taɓa ganinsa da ido ba. Kwanan nan kuma ba ta da zance sai na tsufa. A kai mata wanda ya girme ta, ta ji daɗi.

Maganar agogo ba ruwana, tsakaninka da goggonka. In ya yi datti ka tsabtace shi, wannan kai ne gwani.

Taubashiyarka,
Jemima

Rijiyar Lemo
29 ga Satumba

Jemima,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, uku na yayyage.

Na fasa shi.

Bari in faɗa miki yadda aka yi daki-daki, kada in rage komai. Mako biyu ina jin daɗinsa. Kullum bayan la'asar sai in fito da shi, mutane su taru. Wani mai sayar da atamfa ya kawo matarsa ta gani. Ifeanyi da ya raina shi yanzu shi ke yin bayani, har ya ƙara masa shekara miliyan ɗari daga aljihunsa. Ni kuma na zana shi a littafina sau shida, na ga layin goshin da kika faɗa.

Ranar Talata na lura da wani siririn layi mai ɗan ƙyalli da ruwan ɗorawa, ya ratsa dutsen daga wannan gefe zuwa wancan, ya bi ta kan gaɓa ta shida. Na ɗauka dauɗar salatif ɗin da aka naɗe kwalin da shi ce. Na tuna kin ce in tsabtace shi. Buroshi bai fitar ba. Sai na ɗauko tina, ruwan da nake cire gam daga gilashin agogo da shi, na jiƙa auduga na ɗora a kan layin na bar ta minti goma don ta jiƙu sosai. Da na ɗaga dutsen in duba, rabi ya taho a hannuna, rabi ya zauna a kan tebur. Kai da gaɓa biyar a hannun dama, wutsiya da sauran a ƙasa.

Ban san na yi salati da ƙarfi ba sai da na ga Ifeanyi a kaina. Ya duba ya ce, "Kai! Malam, abin da teku ya kasa, kai ka yi a minti goma." Da ya ga fuskata sai ya bar wasan, ya ruga ya kawo sufa gulu. Ya ce mu manne shi yanzu, ba wanda zai sani, shi kuma bakinsa alaikum. Na karɓa har na buɗe murfin. Sai na tuna haka na yi da agogo, na rufe shi a durowa na ce ba wanda zai sani. Na mayar masa da abinsa.

Ƙaya ko ɗaya ba ta karye ba, na ƙirga. A cikin tsagar, a fuskokin biyu, akwai wani baƙin zare mai lanƙwasa, sirantarsa kamar gashi. Ina jin inda tinar ta ƙone dutsen ke nan. Ga hotuna uku na haɗo.

Shekara miliyan ɗari uku da casa'in yana nan lafiya, sai da ya zo hannuna. Kin ce huɗu kika taɓa gani. 

Isyaku

Alnif
1 ga Oktoba

Yaya, na ga hotunan. Kada ka sake taɓa shi da komai, kada ka bari kowa ya sa masa gam. Ka ajiye su yadda suke. Mota na jirana. Za mu yi magana.

Jemima

Rijiyar Lemo
20 ga Oktoba

Jemima,

Ina fatan kina lafiya. Yau kwana goma sha tara ban ji daga gare ki ba. Na kira sau biyu, ni da ba na kira, wayar a kashe.

Na karanta layukan nan naki har na haddace. Ba gaisuwa, ba tsokana, ko "taubashiyarka" ba ki sa ba. Na gane. "Kada ka sake taɓa shi." Ban taɓa ba. Kowane rabi yana cikin audugarsa a gwangwanin alewa daban, na rubuta "kai" a ɗaya, "wutsiya" a ɗaya.

Ummakulsum ta ce na fiye saka abu a rai. Ta ce, "Malam, mutumin da ya ce mota na jiransa, mota ce ke jiransa." Ta kuma ce tun da kunamar ta rabu biyu ta daina jin tsoronta, in kawo ta gida in ina so. Ifeanyi kuma ya samo wani a waya mai sayar da irinsa, wai za a kawo cikin kwana goma, sabo fil, ba tsaga. Na duba hoton da gilashina. Ƙurajen duk girmansu ɗaya kamar an ɗiga su da cokali, haƙarƙarin wutsiya kuma huɗu ne a gefe guda. Na ce masa wannan ba likid ba ne. Ya ce, "Ji Malam! Wata ɗaya da fara karatu har ka zama farfesa." Ko da na gaske ne ma ba zan kai wa Goggo abin da ba ke kika aiko ba.

Ga abin da na yanke. Na duba littattafaina na shekara tara, na samu wuri talatin da ɗaya da na rubuta "gobe zan je gidan Goggo." Ba zan rubuta na talatin da biyu ba. Ranar 17 ga Nuwamba zan je, ko kin huce ko ba ki huce ba. Zan ɗauki gwangwani biyu da agogon Baba Albert, in ajiye a gabanta in ce duka ukun aikina ne. In ta kore ni, na ji da kunnena. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

In kin fi so in ba wani ya kai, ki faɗa, zan ba shi. Amma agogon ni zan kai.

Naki,
Isyaku

Alnif
27 ga Oktoba

Yaya Isyaku, ubangidana, sarkin masu fargaba,

Gaisuwa mai yawa, da ban haƙuri mai yawa. Jiya muka sauko daga tsauni. Kwana ashirin da biyar muna tanti inda ko kiran waya ba ya shiga. Ranar da na rubuto maka direba yana ta danna mini ham, shi ya sa ban tsaya gaisuwa ba. Anti Ummakulsum ta fi ka hankali, ka gaya mata na ce haka.

Da na karanta wasiƙarka ta ƙarshe na yi dariya har na ƙware, sannan na yi hawaye kaɗan. Yaya, ba kai ka fasa shi ba. Ni na fasa shi, da guduma, bara a watan Maris.

Haka ake samunsu. Ƙwaron yana cikin dutse, ba a ganin komai daga waje. Sai mu yi ta fasa duwatsu, ɗari, ɗari biyu, muna duba cikin kowace tsaga. In an yi sa'a sai a ga wani baƙin zare mai lanƙwasa, siriri kamar gashi. Wannan ɓawon jikinsa ne aka yanka ta tsakiya. Shi ka gani, ba ƙuna ba ce. Daga nan sai a mayar da rabi kan rabi a manne da gam, sannan a zauna a yi ta sassaƙe dutsen daga sama har ƙwaron ya fito. Tinarka gam ɗin Malam Lahsan kawai ta narkar. Shi ya sa masu saye in sun ga likid ba tsaga ko ɗaya sukan ƙara dubawa, don na jabu da roba ake zuba su a mazubi, cikinsu ba komai. Laifina ne da ban faɗa maka ba. Da na ce ka tsabtace shi, busasshen buroshi nake nufi, na manta da wanda nake magana.

Na nuna wa Malam Lahsan hotunanka. Ya daɗe yana kallo, ya ce wanda ya raba wannan bai karya ƙaya ko ɗaya ba, hannunsa na da albarka. Ya ce in tambaye ka ko kana neman aiki. Na kuma ba shi labarin mai haƙarƙari huɗu, ya ce ya san masu yin su, ba su iya ƙirga ba.

Abin da ya sa na ce kada a sa gam, ina tsoron a yi gaggawa a haɗa shi a karkace. Yanzu kai za ka haɗa shi. Ka cire tsohon gam ɗin tas, ka gwada haɗawa ba gam har sai ƙurajen gaɓa ta shida sun dace da juna, sannan ka ɗiga kaɗan a kan dutsen, ba a kan ƙwaron ba. Na Ifeanyi ma zai yi. Kafin ka rufe, ka ƙara kallon zaren nan da kyau. Mu uku ne kawai a duniya muka taɓa ganinsa.

Ka je ranar 17. Ka sa babbar riga.

Taubashiyarka, taubashiyarka, taubashiyarka (na biya na wancan karon),
Jemima

Rijiyar Lemo
18 ga Nuwamba

Zuwa ga taubashiyata Jemima,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, Goggo ma lafiya, da idona na gani.

Haɗin ya ɗauke ni kwana huɗu. Na gwada sau ashirin da biyu ba gam. A na ashirin da uku na ji ya zauna, irin yadda murfin agogo ke zama in ya samu wurinsa. Ifeanyi ne ya riƙe mini fitila, ya ɗauke numfashi har na ce masa ya shaƙa kada mu samu gawa biyu. Kafin in rufe na zana zaren a littafina.

Jiya bayan azahar muka tafi da Ummakulsum, lokacin sun dawo daga coci. Tsakar gida cike da mutane, ga tsofaffin ɗalibanta, ga matan zumunta da kayansu iri ɗaya. Na tsaya a bakin ƙofa. Kin san sunan mahaifinta gare ni. Daga kan kujera ta hango ni ta ce, "Wa nake gani kamar Babana? Ku ba shi hanya, daga Legas yake, ya sha tafiya." Kowa ya yi dariya. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama kunnena ta ja, sannan ta riƙe kaina ta daɗe ba ta saki ba.

Na ba ta kwalin na ce daga gare ki. Ta ɗaga audugar. Ta ce, "Tirilobayit." Ta sake faɗa. Ta karɓi gilashina ta sa a ido kamar ta saba, ta ce ashe duk shekarun nan ƙarya take zana wa yara, nata ba ƙuraje. Na ce nata wani dangi ne, wannan likid ne, na nuna mata goshin da wutsiyar, na faɗi shekarunsa. Ta juya wajen matan ta ce, "Kun ji ko? Daga yau kada wadda ta sake ce mini tsohuwa a gidan nan. Ga yayana." Na ba ta labarin tsagar duka, har da tinar. Ta nemi layin da gilashi, da ƙyar ta same shi.

Da mutane suka ragu na fito da agogon. Na shirya jawabi na kwana uku, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Goggo, na ɓata shi. Tun a makon farko." Ta juya shi a hannu, ta kai kunne, sai ta fashe da dariya.

Ta ce, "Wannan? Ai tun Albert na da rai ya tsaya. Ya faɗa rijiya da shi a Wusasa, masu gyara uku suka ce ya mutu. Don kwalliya yake ɗaura shi, in an tambaye shi lokaci sai ya kalli rana."

Na ce to me ya sa ta ba ni?

Ta ce, "Gidan ya yi mini shiru. Na ce in na ba ka abin da ba ya gyaruwa, za ka yi ta zuwa kana ba ni haƙuri, in samu abokin hira. Ban san na haɗu da wanda ya fi ni wauta ba. Da na ga ka ɗauke ƙafa sai na ɗauka ka gano dabarar ka ji haushi, ni ma kunya ta hana ni aikowa."

Ummakulsum ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ni ban san ko dariya na yi ko kuka ba, a littafina na rubuta "duka biyu."

Jemima, yanzu na gane inda kika koyi aike. Ke da uwarki hannunku ɗaya, ku ba mutum abin da ya riga ya fashe ku koma gefe.

An sa ƙwaron a cikin kabad ɗin gilashi, kusa da hoton Baba Albert. Agogon kuwa ta mayar mini da shi. Ta ce in tafi da shi, in dawo Lahadi mai zuwa in faɗa mata inda gyaran ya kwana. Na ce Goggo, ba zai gyaru ba. Ta ce ta sani.

Gyara ɗaya zan yi a wasiƙata ta farko. Na ce miki daga rumfata zuwa gidan Goggo minti goma sha biyar ne. Yau da safe na bi hanyar na auna. Sha uku ne.

Naki,
Isyaku